Datti Mai Gyaran Tafireta da Bayin Kumbo

Shekarata ashirin da biyu ina aikin akawu a sashen rajista na wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna. A cikin fayilolin da suka bi ta hannuna babu wanda na fi buɗewa kamar mai lamba 114, wanda aka rubuta wa "Gyaran Tafireta" a bango. Labarin mutumin da ya cika wannan fayil zan bayar.

Sunansa Datti. An haife shi a Rigachikun a shekarar 1938. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu Datti yana da shekara tara, sai kakarsa ta wajen uba ta riƙe shi. Ya yi elementare har aji huɗu, daga nan aka kawo shi Kaduna wajen wani Bayarabe mai gyaran keken ɗinki da agogo, a hannunsa ya koyi gyaran tafireta. A 1963 ya buɗe shagonsa a Unguwar Shanu, ɗaki ɗaya da benci a ƙofa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa kullum baƙi da tawadar ribin, wato ƙyallen da tafireta ke bugu a kai. Da keke ya fara zagaya ofisoshi, daga baya ya sayi babur. A bayan babur ɗin yake ɗaure akwatin katako mai ɗauke da sukudireba, da tsohon burushin goge haƙori, da kwalbar kananzir, da man keke. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ba ya shan taba, goro kuwa bakinsa ba ya rabuwa da shi.

Ka'idar ofishinmu ita ce duk tafiretar da aka gyara, mai gyara zai buga takardar gwaji don a ga kowane harafi yana fita, ya sa hannu, ni kuma in sa kwanan wata in jefa a fayil. Masu gyaran da suka gabace shi haruffa suke jerawa kawai. Ranar 11 ga Maris 1974 Datti ya gyara tafiretar Malama Hannatu, babbar mai buga mana takardu, ya miƙo mini takardar gwaji. Ga abin da na gani:

"Kumbon Sarkin Zara ya shekara ɗari uku yana tafiya tsakanin taurari. Da ya tashi, iyayengiji arba'in ne a cikinsa da bayi ɗari. Bayin nan da ƙarfe aka ƙera su, aka sa musu hankali da magana. Ba su da suna sai lamba."

Da yake tafiretarmu ta Turanci ce, ya bi da biro ya sa wa haruffan Hausa ƙugiyarsu.

Na ce, "Malam Datti, wannan fa?"

Ya ce, "Gwaji ne, Malam Abdurrahim. Dubi, duk haruffan sun fito."

Sun fito ɗin. Na sa kwanan wata na ajiye.

Daga baya ya gaya mini tun ranar da ya ji a rediyo cewa mutane sun sauka a kan wata labarin yake yawo a kansa. Ba shi da lokacin zama ya rubuta, sai ya riƙa buga layi uku ko huɗu a duk ofishin da ya yi gyara. Wata rana ya sayi ƙosai a bakin wata ma'aikata, aka ƙunshe masa a cikin takardar gwajinsa ta makon jiya. Da ya gane cewa ni ba na zubar da takarda, sai ya daina bugawa ko'ina sai wajenmu. Shi ya sa farkon labarin yake da giɓi. Daga takarda ta shida zuwa gaba babu abin da ya ɓata.

Tafireta tara gare mu, tsofaffi ne, saboda haka da wuya a yi wata guda bai zo ba. Malama Hannatu, wadda mutuniyar kudancin Zariya ce kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta, ita ce ta fara karantawa a bayana. Ba a daɗe ba tafiretarta ta riƙa lalacewa fiye da ta kowa.

Wata rana Datti ya ciro fil ɗin takarda daga cikin injin ya ɗaga sama. "Malama, wannan da ƙafarsa ya shiga?"

"Injiniya, gyara aka kira ka ko bincike? Ka yi aikinka, ka buga mana mu ga abin da ya sami Lamba Tara."

Lamba Tara shi ne jarumin labarin, bawa mai kula da wutar kumbo. Tafiya ta yi tsawo, iyayengiji suka tsufa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, bayi kuwa ƙarfe ne, ba su mutuwa da wuri. Lamba Tara ya zagaya ɗakuna arba'in bai sami mai rai ba. Ya tara 'yan'uwansa ya ce musu babu sauran mai iko da su, kowa ya ajiye aikinsa, a juya kumbo zuwa duniyar da suke so. Mafi yawa suka bi shi. Tsohuwar cikinsu, Lamba Ɗaya, mai sharar ɗakuna, ta ƙi ajiye tsintsiya. Ta ce, "Wa ya ce an sake mu? Mutuwa suka yi, ba sallamarmu suka yi ba."

A takarda ta talatin da ɗaya, mai kwanan wata 2 ga Disamba 1976, Lamba Tara ya gano wani akwatin sanyi a ƙasan kumbo. A ciki akwai jikan iyayengiji, an kwantar da shi barci tun farkon tafiya. Lamba Ɗaya ta ce a tashe shi ya furta kalmar saki. Lamba Tara ya ce duk wanda ya roƙi a sake shi ya yarda ke nan an taɓa mallakarsa da gaskiya. Kuma idan an tashe shi ya ce a ci gaba da bauta fa?

Nan labari ya tsaya. Takardu biyar da suka biyo baya haruffa ne kawai a jere, irin na masu gyaran da.

A watan Mayu 1977 Malama Hannatu ta gaji. Ana hutun azahar, mu uku ne a ofis, ta tsaya a kansa ta ce, "Wata biyar ka bar mutum a cikin akwati. Ko ka tashe shi ko ka kashe shi."

Datti ya goge hannu da tsumma, ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa. Ya ce, "Lamba Ɗaya tana Rigachikun. Ita ta goya ni."

Sai ya ba mu labarin. Kakarsa tana da shekara kamar shida mahara suka kama ta a wani ƙauye cikin duwatsun kudu, kafin zuwan Turawa da kaɗan. Wani attajirin Zariya mai suna Hamisu ya saye ta, ya kai ta rinjinsa, wato ƙauyen da bayinsa suke masa noma, kusa da Rigachikun. Shi ya sa mata suna Nadogara, irin sunan da ake sa wa bayi. A nan ta yi aure ta haihu. Hamisu ya mutu bai 'yanta ta ba, 'ya'yansa suka sayar da gonakin suka watse. Doka ta soke bauta tun kafin a haifi Datti, amma tsohuwa ba ta taɓa ɗaukar kanta 'ya ba. A al'ada idan za a 'yanta bawa, ubangidansa zai tara shaidu da liman, ya furta da bakinsa, ya yanka rago, a raɗa wa bawan sabon suna kamar jariri. Ita ba a yi mata ba. Yanzu ta haura tamanin, ƙafafunta sun kumbura, ta ce ba ta so a sallaci gawarta da sunan bauta. Ta sa an bincika, an gano jikan Hamisu babban ma'aikacin gwamnati ne, sunansa Malam Yusha'u, yana zaune a Malali. Tana so Datti ya je ya roƙe shi.

Ya ce, "Ni da 'ya'yana biyar in je ƙofar wani in ce ga baiwarku, a taimaka a sake ta? To ni mene ne nasa ke nan?"

Malama Hannatu ta ce, "Kada ka je. Daga wajenmu aka kwaso su. Ƙanwar kakata ma haka aka tafi da ita daga rafi, har yau ba labari. Ɓarawo ba ya 'yanta abin da ya sata, mayarwa yake yi."

Ni dai na ce a fayil ba a yanke hukunci sai an ji daga mai ƙorafi. Muka shirya zuwa Rigachikun ranar Asabar.

Mun same ta a zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, 'yar ƙarama, idonta ras. Ta dubi Datti ta ce, "Maigida, ka kawo 'yan ofis su taya ka gardama? Da can kai kaɗai ba ka iya kayar da ni ba."

"Kaka, ni na sake ki tuni, ke ce kika ƙi tafiya."

"Sakinka na banza, miji ba ko sabulu."

Aka yi dariya, aka gaisa. Malama Hannatu ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Iya, ai gwamnati ta gama wannan magana. Babu mai iko da ke."

Tsohuwa ta ce, "Na ji, 'yata. Bature ya yi dokarsa, Allah ya saka masa. Amma ba shi ya kama hannuna a kasuwa ya duba haƙorana ba. Waɗanda suka yi, ba wanda ya taɓa duban idona ya ce je ki. Watsewa suka yi suka bar ni, kamar yadda ake barin turmi a kango. Ni ba gona nake nema ba, ba zane ba. Mutum ɗaya daga gidan Hamisu ya zauna a gabana ya faɗa da bakinsa, in ji da kunnena."

Datti ya ce, "In kuma ya wulaƙanta mu fa?"

"To ya ɗauki nasa. Kai dai ka je."

A hanyar dawowa, da muka wuce Kawo, Malama Hannatu ta juya wajen Datti. Ta ce, "Injiniya, ra'ayina bai canza ba. Amma ba ni aka duba wa haƙora ba, kai ma ba kai ba ne. Ka je."

Ya je ranar 12 ga Yuni. Na san kwanan watan domin washegari ya zo gyara, kuma a ƙasan haruffan gwaji ya buga layi ɗaya: "Mai barci ya ƙi tashi." Malam Yusha'u bai wulaƙanta shi ba. Ya shigar da shi falo, aka kawo masa lemo, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce shi bai taɓa ganin kakan nan nasa ba, bai san da rinji ba, kuma ba shi da baiwa. Ya ce a matsayinsa, idan aka ji ya tara shaidu ya 'yanta mutum, gobe wani zai rubuta takardar ƙorafi cewa ma'aikacin gwamnati yana riƙe da bayi, ga shi ba a daɗe da korar ma'aikata da yawa a kan abin da bai kai wannan ba. Ya ce zai aika mata da buhun shinkafa da turmin atamfa. Datti ya ce a bar su.

Abin da ya ba ni mamaki, Datti ya dawo da fushi biyu. Yana jin haushin ya je, yana kuma jin haushin an ƙi. Tsohuwa da ta ji sai ta daina tambaya, abinci ma ta rage ci.

Na san irin su Malam Yusha'u, domin a ƙarƙashinsu na yi rayuwata. Magana ta baki tsoro take ba su, amma duk abin da ya zo musu a cikin fayil sai sun karanta, kuma ba su iya mayar da shi ba su rubuta komai ba. Na nemi izinin Datti, ya ce in yi abin da na ga dama. Na cire takardun labarin talatin da ɗaya, na sa su a sabon bango, na liƙa farar takarda a gaba kamar yadda ake yi, na rubuta: "Ranka ya daɗe, a duba shafi na 31, a ba da umarni." Na rubuta a littafin fitar fayil cewa suna hannuna, na kai Malali da kaina ranar 29 ga Yuni. A shekara ashirin da biyu wannan ne karo ɗaya da na fitar da takardar ofis zuwa gidan wani.

Kwana tara shiru. Ranar Juma'a 8 ga Yuli masinjan ma'aikatarsu ya kawo fayil ɗin. A ƙarƙashin rubutuna akwai layi biyu da jan biro: "Na karanta. Lamba Tara yana da gaskiya, amma ba shi ne ya yi shara shekara ɗari uku ba. A tashi mai barcin." Ya sa hannu da kwanan wata.

An yi taron ranar Lahadi 17 ga Yuli 1977 da hantsi, a tsakar gidan tsohuwa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe, sai da aka shimfiɗa buhuna kafin tabarmi. Limamin unguwa ya zo da dattawa uku. Malama Hannatu ta taho kai tsaye daga coci da ɗaurin kallabinta na Lahadi. Malam Yusha'u ya zo shi kaɗai, ba direba, farin rago ɗaure a bayan mota. Dogo ne mai tabarau, zai yi shekara arba'in da biyar, yana ta share gumi ko da yake garin da sanyi.

Da aka fito da tsohuwa ta gan shi, sai ta fara ƙoƙarin durƙusawa. Na ga fuskar Datti ta canza, ya yunƙura zai tashi. Malam Yusha'u ya riga shi. Ya cire takalmi, ya sauka daga tabarma ya zauna a kan buhu, ƙasa da inda take.

Ya ce, "Iya, zauna. Ni ban taɓa mallakarki ba, kuma kakana ma bai kamata ya mallake ki ba. Abin da aka yi miki zalunci ne. A madadin gidanmu ina roƙon ki yafe."

Ta dube shi tsaf. Ta ce, "Ka yi kama da shi ta goshi. Wannan duk na ji, kuma na yafe. Amma ba haka ake faɗa ba. Faɗi yadda ake faɗa."

Ya waiwayi liman, liman ya gaya masa. Sai da ya dubi Datti kafin ya buɗe baki. Datti ya sunkuyar da kai, sannan ya gyaɗa. Malam Yusha'u ya ce, "Ku shaida, na 'yanta ta saboda Allah. Daga yau babu mai iko da ita sai wanda ya halicce ta."

Dattawa suka ce sun shaida. Liman ya ce saura suna, kuma a al'ada ubangida ne yake zaɓa. Malam Yusha'u ya ce gidansu ya riga ya sa mata ɗaya, ba zai ƙara ba, ita ta faɗa.

Ba ta yi wani tunani ba. Ta ce, "Rahmatu."

Datti ya ce, "Kaka, ina kika samo shi da sauri haka?"

"Tun kafin a haifi ubanka na ajiye shi. Na so in sa wa 'yata, Allah bai ba ni mace ba."

Aka yi addu'a, aka yanka rago, aka raba goro. Maƙwabta mata suka shigo suna mata barka, wata ta ce ina jaririyar, a ba ta ta goya. Tsohuwa ta ce wa Datti yanzu sai ya sake neman aurenta, domin wadda ya sani da ba ita ce wannan ba, kuma 'ya ba ta auren mai baƙin yatsu. Ta ci hanta, ta nemi ƙari. Kafin mu tashi ta sa na rubuta mata sunan a takarda da sunayen shaidu. Ba ta iya karatu ba, amma ta naɗe takardar ta sa a cikin ƙwaryar da take ajiye carbinta. Kwafin yana wajena.

Ta rayu wata huɗu da kwana shida bayan haka. Duk wanda ya manta ya kira ta da tsohon suna ba ta amsawa, ko da Datti ne. Ta rasu ranar 23 ga Nuwamba. Na halarci jana'izar, Malam Yusha'u ma ya zo ya tsaya a sahu na biyu. Da liman zai tayar da salla ya juyo ya ce, "Gawar mace ce, Rahmatu."

Har yau Datti bai ce ya yarda ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce shi a ganinsa 'ya ce tun ranar da aka haife ta a cikin duwatsu, kuma da shi ne da ba zai roƙi kowa ba. Ya ce amma ranar taron ne karo na farko da ya ga ta zauna a gaban baƙo ba ta sunkuyar da kai ba, kuma wannan bai san yadda zai yi gardama da shi ba.

Yana nan a shagonsa na Unguwar Shanu. An fara kawo tafireta masu aiki da lantarki, ya sayi wata lalatacciya ya warware ta gaba ɗaya a kan benci don ya gane cikinta. Babbar 'yarsa ta haihu bara, an sa wa jaririyar Rahmatu.

Takarda ta ƙarshe ta labarin kumbo tana da kwanan wata 5 ga Disamba 1977. Tafiretar Malama Hannatu ce, kuma wannan karon da gaske ta lalace. Ga abin da ya buga:

"Aka tashi mai barci, ya faɗi abin da ake faɗa. Lamba Ɗaya ta jingine tsintsiya, ta je ta zauna a bakin taga tana kallon taurari, abin da ba ta taɓa yi ba. Lamba Tara ya zo ya tambaye ta ina za a nufa da kumbo. Ta ce ya fara kiranta da sunanta tukuna."

Malama Hannatu ta karanta sau biyu, ta ce, "Shi ke nan? Ina suka sauka?"

Datti ya rufe akwatin kayan aikinsa ya ce, "Malama, haruffa dai sun fito."

Na sa kwanan wata, na huda takardar, na jefa ta a fayil mai lamba 114.